Jami'o'inmu da manhajar da ba ta cin dala

Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Duk jami'ar da ke biyan lasisin manhaja da kuɗin waje ta ji a jikinta. Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da shugabannin jami'o'i da kwalejoji za su dubi buɗaɗɗiyar manhaja da idon basira, wato wadda kowa ke da izinin ɗauka ya gyara ba tare da sayen lasisi ba.

Abin ba baƙo ba ne. Moodle, da ya fito daga Ostireliya a 2002, da shi malamai da dama ke ɗora darussa a intanet. Koha na kula da littattafan laburare, DSpace kuma na adana kundayen digiri. Inda ake ɗari-ɗari shi ne manyan ayyukan ofis: rajistar ɗalibai, albashi, lissafin kuɗi da sakamakon jarrabawa. A nan ne ɗan kwangilar da ke samar da manhajar ke riƙe wuya. Idan aka saɓa da shi a kan biya, sai shafin rajista ya tsaya cak, ɗalibai su yi cirko-cirko a ƙofar ofishin magatakarda, kowa da takardar banki a hannu. Bayanan ɗaliban jami'a ne, amma mabuɗin yana aljihun wani.

Sai dai kada a ruɗe da jin an ce kyauta. A 2004 Jami'ar Indiana ta Amurka ta haɗa kai da Jami'ar Hawaii da wasu suka fara Kuali, manhajar lissafin kuɗin jami'a da za su mallaka tare. Sun zuba kuɗi da ma'aikata, amma a 2014 sai da aka kafa kamfanin kasuwanci ya karɓi ragamar aikin. Idan jami'o'i masu ƙumbar susa sun ji nauyin, ina ga tamu da wutar lantarki ma ke ba ta wahala?

Kuɗin da aka tsira da shi daga lasisi dole ya koma kan mutane. Matashin da ya iya kula da irin wannan manhaja ba zai zauna a kan albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba, alhali ana zawarcinsa daga Legas da Turai. Ranar da ya ajiye aiki, komai ya tsaya.

Ra'ayinmu shi ne kada kowace jami'a ta yi gaban kanta. Muna kira ga TETFund da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa su ɗauki nauyin tawaga guda ta ƙwararru da za ta yi wa jami'o'i da yawa aiki, a fara da laburare da darussa, a bar albashi sai an ga kamun ludayin tsarin.