Ɗan guntun da ke yanke wa kwamfutar lakwal kwana

Ƴan uwana malamai da iyaye, in za mu sayi kwamfuta don lakwal ko don yara, girman RAM muke tambaya, da na faifan ajiya. Ba mai tambayar wani ɗan guntu baƙi da bai kai farcen yatsa ba, manne a jikin babban allon injin. A cikinsa BIOS yake, wato umarnin farko da na'ura ke karantawa da zarar an kunna ta, tun kafin Windows ya farka. Shi ke gane irin furosesan da ke ciki. In bai gane ba, ko haske ba za ka gani ba.

Rumbun nan ƙarami ne ƙwarai. Kamfanin AMD na Amurka ya yi alkawarin cewa allunan AM4 za su ci gaba da karɓar sabbin furosesa har 2020. Amma da yawa daga cikinsu guntun BIOS ɗinsu megabait 16 kawai yake ɗauka. Da Ryzen 3000 ya fito a 2019, wuri ya ƙare. Kamfanin MSI ya rage hotuna da ado a wasu allunansa, aka kuma cire umarnin wasu tsofaffin furosesa don sababbi su shiga. Daga baya ya fito da allunan MAX masu megabait 32. A 2020 AMD ya ce allunan jerin 400 ba za su ɗauki Ryzen 5000 ba, saboda ƙarancin wurin nan. Masu saye suka yi ca, sai ya janye.

Ni a ganina rowa ce. Bambancin kuɗin guntu biyun bai taka kara ya karya ba, amma mai saye ne ke biyan kuɗin sabon allo.

Mu da yawancin kayanmu na hannu ne, abin ya fi shafar mu. Mai gyara zai ce bari ya sabunta BIOS, alhali sabon ya goge tsohon furosesan da ke cikin injin, kwamfutar ɗakin karatu ta mutu tsaye. Kafin kowa ya taɓa, a duba shafin kamfanin, a karanta jerin furosesan da sabon BIOS ya yarda da su. Kada kuma a yi aikin sai da batirin kariya, don in wuta ta ɗauke a tsakiya, sai an nemo mai na'urar sake rubuta guntun.