TETFund: Ana ganin gini, ina sakamakon bincike?

Duk wanda ya shiga Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jimeta, ba zai sha wahalar gano inda wasu kuɗin TETFund suka shiga ba, domin sunan asusun yana manne a jikin gine-ginen da ya biya. Gini ba ya ɓuya. Kuɗin bincike kuwa ba su da bangon da za a rubuta musu suna.

Dokar 2011 ce ta kafa asusun a kan harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari daga ribar kamfanoni, wanda ya kai kashi 3 a 2023. Jami'o'i ke ɗaukar rabi, sauran a raba daidai tsakanin kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Daga cikin kuɗin ne ake ba malamai tallafin bincike da na ƙaro karatu.

Tsarin bin diddigin ya fi ƙarfi a kan takarda. Ana sakin kuɗi kashi-kashi, sai an kawo rasit da rahoton na farko kafin a ba da na gaba. Wannan daidai ne, amma rasit shaidar kashe kuɗi ce kawai. Jami'in da ke duba fayil a Abuja zai iya rufe shi cikin kwanciyar hankali alhali binciken bai amfani kowa ba. Ko tallafin karatu a ƙasashen waje, sai da wasu malamai suka ƙi dawowa, tsadar dala kuma ta yi yawa, sannan aka dakatar da shi daga farkon 2025.

Adamawa na da tambayoyin da ke jiran masana. Kogin Binuwai ya yi mummunar ambaliya a 2012 da 2022, kuma duk daminar da aka ce Kamaru za ta saki ruwan madatsar Lagdo, hankalin manoman fadama tashi yake yi. Ya kamata manomi, ko mai taimaka wa ɗan majalisar mazaɓarsa, ya iya sanin wane malami aka ba tallafi a kan wannan matsala, nawa ne, kuma me ya gano.

Don haka wannan jarida ke kira ga TETFund ta riƙa wallafa jerin tallafin kowace makaranta duk shekara: sunan aikin, adadin kuɗin, ranar kammalawa da inda za a karanta sakamakon, har da ayyukan da aka yi watsi da su. Kwamitocin majalisa masu sa ido a kan asusun su nemi wannan jeri kafin su zauna a kan kasafin baɗi.