Taurin Kan David Ko Tef Ɗin Da Bobby Ya Ɓoye?

Ranar da na ce wa abokan ɗakina zan yi rubutu a kan wata ƙungiyar mawaƙa mai suna Death, wato Mutuwa, ɗaya daga cikinsu cewa ya yi, "A'uzubillahi, kai kuma me ya kai ka?" Ban ga laifinsa ba. Abin da mutanen Amurka ma suka riƙa faɗa ke nan shekara hamsin da suka wuce, kuma sunan nan shi ya binne ƙungiyar da ranta har fiye da shekara talatin.

'Yan uwa ne su uku, uwa ɗaya uba ɗaya, baƙaƙen fata daga birnin Detroit: David Hackney mai jita, Bobby mai waƙa da jitar bes, sai Dannis mai ganga. Mahaifinsu limamin coci ne. Sun fara a 1971 da sunan Rock Fire Funk Express, suna irin kiɗan da ake sa ran jin baƙar fata na yi a garin da ya haifi kamfanin Motown. Daga baya David ya ga wasan ƙungiyar The Who ta Ingila, ya dawo gida ya ce daga yau kiɗan rock za su yi, mai ƙarfi, mai sauri, mai tashin kunne.

Irin wannan kiɗa Turawa ke kira rock ɗin gareji, saboda samari ne ke haɗuwa a garejin motar gidansu da tsofaffin kayan kiɗa, babu kamfani, babu manaja, babu wani gyare-gyare. Su 'yan gidan Hackney ma a wani ɗaki na saman bene suke nasu, mahaifiyarsu ta yanke musu sa'o'in da za su yi hayaniyarsu su bar maƙwabta su huta. (Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗakin masu sifika a hostel ya san abin da maƙwabtan nan suka sha.)

David ne ya zaɓi sunan Death. Mahaifinsu ya rasu a hatsarin mota, kuma tun daga nan David yake kallon mutuwa a matsayin ƙofa, ba ƙarshen tafiya ba. A wurinsa sunan na imani ne. A wurin masu gidajen rediyo da kamfanonin faifai kuwa, suna ne da ba zai sayu ba. A 1975 suka shiga situdiyon United Sound a Detroit suka ɗauki waƙoƙi bakwai. Kamar yadda 'yan gidan suka ba da labari, Clive Davis, wanda a lokacin yana cikin manyan masu faɗa a ji a harkar, ya nuna yana so, amma da sharaɗin a sauya suna. David ya ce a'a. Magana ta mutu a nan. A 1976 suka buga ƙaramin faifai mai waƙa biyu da kansu, ƙwaya 500 kacal, a ƙarƙashin nasu tambarin mai suna Tryangle. Ba a ji shi ba. A 1977 suka tattara suka koma Burlington a jihar Vermont, suka ajiye sunan, suka koma waƙoƙin coci da sunan The 4th Movement. David ya koma Detroit a 1982, Bobby da Dannis suka shiga kiɗan rege da wata ƙungiya Lambsbread. A shekarar 2000 ciwon dajin huhu ya kashe David.

To, a nan ne nake rabuwa da yawancin masu ba da wannan labari. Su suna so su ce taurin kan David ne ya yi nasara: ya ƙi sayar da sunansa, duniya ta zo ta durƙusa masa daga baya. Labarin da daɗin ji, amma ni dai ban saye shi duka ba. David bai ga komai ba. Ya mutu shekara tara kafin faifan ya fito, bayan ya sha fama da giya da baƙin cikin abin da bai yiwu ba. Kuma hukuncin da ya yanke ba kansa kaɗai ya yanke wa ba, har da ƙannensa biyu da ba su ji daɗin abin ba a lokacin. In da ni ne Dannis, wallahi ban san ko zan iya yafe masa da wuri ba. Mutum nawa ne suka yi irin wannan taurin kai, suka mutu, kuma babu wanda ya zo neman su? Ba mu san sunayensu ba, shi ya sa ba a yin fim a kansu.

Abin da ya ceci Death wani ƙaramin abu ne da ba ya burge kowa. Lokacin da ciniki ya wargaje, sun karɓo tef ɗinsu na asali, wanda aka ɗauki kiɗan a kai tun daga situdiyo, ba su bar shi a hannun kowa ba. Kafin David ya rasu ya damƙa wa Bobby shi, ya ce ya adana, wata rana za a zo nema. Bobby ya kai shi ɗakin ajiya na saman gidansa ya bar shi nan. Bai jefar ba lokacin ƙaura, bai ba yara su yi wasa da shi ba.

A wajen 2008 masu tara tsofaffin fayafayai suka tono wancan ƙaramin faifai na 1976, waƙoƙin suka fara yawo a intanet. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Bobby ya ji waƙar a wajen wani biki a Kalifoniya, ya gane muryar babansa, alhali bai taɓa sanin baban nasa ya yi irin wannan kiɗa ba. Yaran suka kafa tasu ƙungiya, Rough Francis, suna maimaita waƙoƙin gidansu. Da kamfanin Drag City na Chicago ya zo tambaya ko akwai saura, amsar tana saman gida. A 2009 waƙoƙin nan bakwai suka fito a faifai guda, shekara 34 bayan ɗaukar su. Jaridar New York Times ta yi rubutu a kansu, mutane suka fara cewa ashe waɗannan sun riga 'yan punk yin punk. Bobby da Dannis suka dawo dandali a wannan shekarar tare da Bobbie Duncan, mai jitar Lambsbread, a gurbin David. Fim ɗin tarihinsu, A Band Called Death, ya fito a 2012, sabon faifai kuma a 2015.

Wasu na cewa wannan ba haɗuwa ba ce ta gaskiya tunda mai tunanin ƙungiyar ba ya raye. Ni ban damu da wannan gardama ba. Biyu cikin uku sun hau dandali da sunan da aka ce ba zai taɓa sayuwa ba, kuma sun hau ne a kan kayansu, ba na aro ba. Da tef ɗin ya ɓata, abin da zai rage waƙa biyu ce a faifai mai ƙaiƙayi da labarin "da mun yi kaza" a bakin tsofaffi.

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai shi ne wani abokina da muka yi ND tare. Yana da murya, yana da baiti, ya tara kuɗin aljihunsa na zango biyu ya ɗauki waƙa shida a wani situdiyo a cikin gari. Abin da aka ba shi kawai shi ne waƙoƙin da aka gama haɗawa, aka tura masa ta WhatsApp. Muryarsa daban, kiɗa daban, duk suna kwamfutar mai situdiyo. An sace wayarsa a tasha lokacin hutu. Da ya koma neman kayansa, sai aka ce masa an yi wa kwamfutar wanki, komai ya tafi. Yanzu waƙa ɗaya ce ta rage, a wayar wata 'yar ajinmu, ita ma rabi. Ba ya son a tayar da maganar.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Masu waƙar hip-hop da na nanaye da masu bege a makarantar nan, da masu wasan kwaikwayo, har da mu masu rubutu, kusan duk haka muke: aikin shekara biyu yana cikin waya ɗaya mai fasasshen gilashi. Muna iya kwana muna gardama a kan wane suna za mu sa wa kanmu, wa ya sayar da kansa, wa ya tsaya a kan gaskiyarsa, amma ba mu taɓa tambayar mai situdiyo, tun kafin mu biya, ko zai ba mu fayilolin asali mu tafi da su ba. Wasu ma kunyar tambayar suke ji, wai kada a ce sun raina furodusa.

Ina roƙon daraktan walwala na ƙungiyarmu ta ɗalibai ya duba wani abu mai sauƙi: cikin kuɗin da ake kashewa a makon al'adu, a cire na babbar ma'ajiyar fayil guda biyu, a riƙa zuba duk abin da ɗalibai suka yi a dandali da wanda suka kawo da kansu, ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya a laburare, da sunan mai shi da shekara a jiki. Na kai wa abokin nawa wannan shawara kafin in rubuta ta. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko har yanzu ina da lambar yarinyar nan mai rabin waƙar.