WA KE ZAƁEN ABIN DA 'YA'YANMU ZA SU KOYA?

Duk lokacin da aka ta da maganar ilmi a ƙasar nan, hankalin jama'a yakan tafi ga gine-gine da kujeru da albashin malamai. Ba kasafai ake tambayar abin da ake koyarwa cikin ajin ba, balle wanda ya zaɓe shi da dalilinsa. Amsa waɗannan tambayoyi shi ne aikin masu nazarin manhaja a jami'o'inmu, kuma a ganinmu hukuma ba ta sauraronsu yadda ya kamata.

A watan Satumba na 1969, ana cikin yaƙin basasa, aka yi babban taro a Ikko don sake duba manhajar da Turawa suka bar mana. Daga shawarwarinsa ne aka sami Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, sa'an nan tsarin 6-3-3-4 a 1982. Niyyar kyakkyawa ce, wato yaro ya fito daga ƙaramar sakandare da sana'a a hannunsa. Amma injunan da aka sayo daga ƙasashen waje da kuɗin talakawa, da yawansu sun yi tsatsa cikin akwatunansu, domin babu lantarki, babu malamin da ya iya sarrafa su. An ɗinka riga ba a auna mai sawa ba.

Abin da ya sami darasin Tarihi ya fi wannan ciwo. Manhajar da aka fitar a 2007 ta hana shi zaman kansa, ta cusa guntayensa cikin darasin zaman jama'a. Yara suka yi ta gama makaranta ba su san labarin Daular Borno ko ta Benin ba, ba su san yadda aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 ba. Da gwamnati ta farga ta maido da shi, sai ga shi malamansa sun yi ƙaranci, har ya zama dole a 2022 a shiga horad da wasu.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da kada ta ƙara cire wani darasi ko shigo da sabo sai an gwada shi a wasu makarantu na birni da ƙauye, an ji ta bakin malamai da iyaye, an kuma buga sakamakon kowa ya gani.