Yakushin Mage da Gwiwar Ƙarfe

Sauya gwiwa ko kwatangwalo da na ƙarfe ya daina zama baƙon abu a wurinmu. Ana yin wannan tiyata a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wasu kuma su tafi Indiya ko Masar. Cikinsu akwai dattawan da gaɓoɓinsu suka zaizaye, da matasa masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ya mutu. Kaɗan ne daga cikinsu ke tunanin cewa magen da ke kama musu ɓera tana iya rushe wannan aiki mai tsada.

A bakin mage da kare akwai wata ƙwayar cuta mai suna Pasteurella multocida, wadda aka raɗa wa sunan masanin nan na Faransa, Louis Pasteur. Ba ta damun dabbar, amma tana shiga jikin mutum ta hanyar cizo, ko yakushi, ko lasar buɗaɗɗen rauni. Haƙoran mage sirara ne, suna huda fata da zurfi su bar ɗan tabon da ake rainawa. Daga nan ƙwayar kan bi jini ta sauka a kan ƙarfen.

Matsalar ita ce, jini ba ya gudana a cikin ƙarfe. Ƙwayoyin sukan manne masa su lulluɓe kansu da wata yauƙi, wadda garkuwar jiki da magani ke shan wahalar ratsawa. Idan abin ya yi nisa, sai likita ya cire gaɓar baki ɗaya, a yi makonni shida ko fiye ana ba da magani, sannan a sake wata tiyatar. Haɗarin ya fi yawa ga masu ciwon suga da masu raunin garkuwar jiki.

Abin ba ya yawan faruwa, kuma ba mu ce a kori mage daga gida ba. Amma wanda ke ɗauke da ƙarfe a jikinsa, idan dabba ta cije shi ko ta yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya je asibiti a ranar, ya kuma faɗa wa likita cewa an sauya masa gaɓa. Kada ya tsaya a kemis. In gaɓar ta kumbura, ta yi zafi, ko zazzaɓi ya taso, ya koma wurin likitan ƙashinsa ba tare da jira ba. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.