Albasar Aliero: Wa Ke Cin Ribarta?

'Yan'uwa ɗalibai, kullum muna jin ana cewa a fitar da manomin ƙauye daga noman cin abinci, a koya masa noman kasuwa. Batun yana da daɗin ji, amma mu 'ya'yan Jega da Aliero da Maiyama muna da abin cewa.

Iyayenmu ba baƙin kasuwa ba ne. Tun ƙarni na 19 Jega ta yi suna wajen fatauci, yau kuwa manyan motoci na kwasar albasar Aliero zuwa Kudu. Ashe ba sayarwa ce manomi bai iya ba. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne zaɓen ranar da zai sayar.

Ga yadda abin yake. Manomi ya ci bashin iri da taki da man injin ban-ruwa. Da an cire albasa wajen watan Maris, mai bashi na bakin ƙofa, kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi. Wanda ya daure ya zuba tasa a rudu, zafi da danshin damina su ruɓar da kaso mai yawa. Sa'ad da albasa ta yi tsada a ƙarshen shekara, tana hannun wanda bai taɓa duƙawa a fadama ba.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙari. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shagari a 1980, da bashin manoman shinkafa da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. A ganinmu duk sun fi mai da hankali ga yawan amfani, suka yi sakaci da abin da ke samun manomi bayan girbi.

Shawararmu uku ce. Na farko, manoman kowane ƙauye su haɗa ƙungiya, su sayar da kaya da baki ɗaya, a bisa sikeli, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, masu ba da rance su ɗaga lokacin biya zuwa watannin da kaya ke daraja. Na uku, kada a ruɗi manomin Maiyama ya bar gero da dawa gaba ɗaya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mai rumbu cike ba a taya masa kaya da wulaƙanci.

Saura namu aikin. Tun 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, a tsakiyar gonakin albasa. Abin kunya ne mu karɓi digiri alhali rudun ƙofar gidanmu yana nan yadda kakanninmu suka bar shi. Hutun nan mai zuwa, mu zauna da iyayenmu, mu rubuta abin da suka kashe da abin da suka samu, mu gwada rudun da iska ke ratsawa sosai. Da kuɗin albasar nan aka biya mana makaranta, lokacin ramawa ya yi.