Wa Ya Ce Wuya Ba Ta Kisa?

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a zaurukanmu, kuma na tabbata kai ma, ya mai karatu, ka taɓa jin ta, in ma ba ka tsoma baki ba. Gida ɗaya, 'ya'ya uku: babban ya tafi Zariya horon kuratan soja, ƙanensa yana shirin gudun fanfalaki a Legas, ƙanwarsu kuwa ta kulle kanta a ɗaki tana bitar jarrabawar zama lauya. Sai a zauna ana awo, wai wa ya fi shan wuya. Nan take a naɗa wa soja rawani, a ba mai gudu matsayi na biyu, a juya ga ɗaliba a ce, "Ke me kike yi ban da zama a inuwa?" Duk wanda ya koka a cikinsu, sai a toshe masa baki da karin maganar da kowa ya haddace: wuya ba ta kisa.

To, na zo in musa wannan magana. Wuya tana kisa, tana nakasawa, kuma awon nan da muke yi yana cikin abubuwan da ke share mata hanya.

Fara da mai gudu. Tsawon fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kuma tun 2016 ake yin na Legas. Tsokar da ke aiki zafi take haifarwa, jiki kuma ba shi da babbar hanyar fitar da shi sai ta zufar da ke bushewa a kan fata. A gari mai laima irin Legas zufa zuba take yi ba ta bushewa, don haka zafin ya taru a ciki. Idan ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ƙwaƙwalwa ta fara ruɗewa, daga nan hanta da ƙoda su biyo baya. Ko ruwan da ake ganin shi ne ceto yana da iyaka. A gasar Boston ta Amurka a 2002, an auna jinin ɗaruruwan masu gudu, aka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa, galibi saboda sun sha ruwa fiye da kima. Amma mai gudu yana da gata guda: shi ya kai kansa, kuma duk inda ya ga dama yana iya tsayawa, ga ruwa a hanya, ga motar asibiti.

Kurtu ba shi da wannan gatan. Tasa wuyar ta watanni ce, da kaya a baya, da barci kaɗan, da umarnin da ba a musu. Kwanakin farko su ne mafi haɗari, domin jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Idan aka tilasta wa tsokar da ba ta saba ba, tana iya dagargajewa, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. Alamarsa ita ce ciwon tsoka mai tsanani da fitsari mai launin baƙin shayi. A nan ya kamata iyalai su san wani abu: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da rukunin jini na AS. Wannan ba cutar sikila ba ce. Wani bincike da aka buga a 2016 kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya nuna masu AS ba su fi saura mutuwa ba, amma sun fi su haɗarin dagargajewar tsoka da kusan rabi. Ashe sanin rukunin jini kafin tafiya hankali ne, ba ragwanci ba.

Sai ɗalibar da aka raina. Ita ba ta zufa, ba ta kanta a tafin ƙafa, shi ya sa ba a ganin tata. Amma da jiki ɗaya ake biyan kowane bashi. Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a dare, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Masu bincike sun gano cewa wanda ya yi awa 17 a farke, kaifin hankalinsa yana raguwa kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Ɗalibin da ya kwana biyu idonsa biyu zuba ruwa yake yi a kwando. Daga nan sai a nemi taimako: kofi a kan goro, goro a kan lemon ƙara kuzari, alhali abin da ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini yana kawo bugun zuciya, rawar hannu da ƙarin rashin barci. Wasu su gangara zuwa tiramol, wanda ke iya jefa mai lafiya cikin farfaɗiya, ko kodin, wanda ɓarnarsa ta sa gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Mai gudu yana da motar asibiti, kurtu an duba lafiyarsa kafin a ɗauke shi. Wa ke duba ɗaliba? Ƙofa a rufe, kowa yana yaba ƙwazonta, har ranar da za ta daina cin abinci, ta riƙa kuka ba dalili, ko ta ce rayuwa ta ishe ta.

Na san abin da za ka ce: ba a zama soja a kan katifa, ba a zama lauya da hira. Gaskiya ne, kuma ban nemi a sassauta wa kowa ba. Horo ba ya yiwuwa sai da wuya. Sai dai duk mai horarwa na ƙwarai ya san cewa wuyar da ke gina jiki hawa-hawa take zuwa, kuma hutu ke biyo ta, domin a lokacin hutun ne tsoka ke gyaruwa ta ƙara ƙarfi. Wadda ta zo gaba ɗaya ba numfasawa, karyawa take yi. Masu horarwa sun san haka. Mu 'yan gida ne muka ƙi sani.

Dubi abin da awonmu ke jawowa. Wanda muka naɗa wa rawanin jarunta ba zai iya buɗe baki ya ce fitsarinsa ya yi baƙi ba, kada rawanin ya faɗi. Wadda muka ce ba ta yin komai ba za ta ce ta kasa barci ba, kada a yi mata dariya. Yabo ya rufe bakin wancan, raini ya rufe bakin wannan, cuta kuwa ba abin da take so kamar shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an bar shi ya faɗa.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka. Idan wani ya faɗi a filin gudu ko na atisaye, jikinsa zafi rau, yana sambatu ko bai san inda yake ba, kada a tsaya gardamar ko iska ce. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi sharkaf da ruwa mafi sanyi da ake da shi, a yi ta fifita, sannan a garzaya asibiti. Rabin awar farko ita ce mai tsada. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, kuma ba a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Ciwon ƙirji, suma, ko baƙin fitsari bayan motsa jiki, duk na likita ne a ranar. Ɗalibin da ya shafe mako biyu cikin ƙunci da rashin barci shi ma na likita ne. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, ba a barin sa shi kaɗai ko na dare ɗaya.

In ɗanka ya kira daga bariki, ko 'yarka ta fito daga ɗaki da jajayen idanu, ajiye ma'auninka. Tambaye su awa nawa suka yi barci, me suka ci, ina ke ciwo. Sannan ka yi shiru ka saurara. Jarrabawa ana sake ta, gasa tana dawowa baɗi, amma ƙodar da ta mutu sai dai wankin jini ko dashe.